Ƙaura daga Outlook zuwa Thunderbird: yaya zan kwashe tsofaffin saƙonnina ba tare da asara ba?

Malam Habibu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar manhajojin imel na kwamfuta, domin akwai wani al'amari da ya sha mini kai tun makon jiya, kuma ba na son in ci gaba da lalube a cikin duhu har in ɓata abin da ba zai gyaru ba.

Tun shekarar 2011 nake amfani da Outlook 2010 a kan wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 7, kuma duk wasiƙun aikina na fassara da gyaran rubutu a cikinsa suke: yarjejeniyoyin da na ƙulla da masu ba ni aiki, takardun shaidar biyan kuɗi, da daftarin ayyukan da muka yi ta aika wa juna kafin a kammala su. Yanzu kwamfutar ta tsufa ƙwarai, fankarta ba ta daina kuka, wani lokacin ma sai na kunna ta sau biyu kafin ta tashi. Shi ya sa na samo sabuwa, na kuma yanke shawarar yin amfani da Thunderbird a kanta. Adireshin imel biyu nake da su. Ɗaya na Gmail ne, wanda na buɗe daga baya, ɗayan kuma na kamfanin da ke riƙe mini shafina na intanet ne. Wannan na biyun shi ne tsohon, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina.

Da na saka Thunderbird a sabuwar kwamfutar na shigar da adireshi biyun, na Gmail ya cika da dukkan saƙonninsa har na shekarun baya. Amma ɗayan bai nuna mini komai ba sai saƙonnin makonni biyun da suka wuce, alhali a tsohuwar kwamfutar ina da saƙonni sama da 40,000 a ƙarƙashin wannan adireshin. Na bincika na gano wani fayil mai ɗauke da sunan adireshin, wanda ƙarshen sunansa .pst ne, nauyinsa gigabait 11. Filashin da na fara gwadawa ya ƙi karɓarsa duk da cewa akwai fili isasshe, sai da na ari wani. Da na kai shi sabuwar kwamfutar kuma, ban ga wata ƙofa da Thunderbird zai buɗe shi ta ita ba.

Ina son in fahimci inda saƙonnina suke a zahiri, da hanyar da ta fi aminci wajen kwashe su, da kuma abin da zai faru da littafin adireshina, kalandata, da dokokin da na tsara masu raba saƙonni zuwa folda-folda. Allah ya saka da alheri.

Malama Rabi ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Da farko ka kwantar da hankalinka, saƙonninka ba su ɓata ba. Sai dai ina son ka san cewa a halin yanzu mafi yawansu a wuri ɗaya kawai suke a duniya, wato a cikin fayil ɗin nan mai gigabait 11, don haka kafin ka sake taɓa komai ka tabbata kana da kwafinsa guda biyu a ma'ajiyoyi biyu dabam. Ka rufe Outlook gaba ɗaya kafin ka kwafa, domin idan yana buɗe yana riƙe da fayil ɗin, kuma kwafin da za ka samu yana iya fitowa da naƙasa. Idan kwafin da ka riga ka yi Outlook yana buɗe ka yi shi, ka sake wani.

Bambancin da ka gani tsakanin adireshinka biyu ba daga Thunderbird ya taso ba, daga hanyar da aka haɗa kowanne da uwar garke ne, wato babbar kwamfutar kamfanin imel da ke karɓa da ajiye saƙonni a intanet. Hanyoyi biyu ne sanannu. POP ita ce tsohuwa, asalinta tun 1984, kuma an ƙirƙire ta ne a zamanin da mutum yake haɗa kwamfutarsa da layi na ɗan lokaci, ya sauko da wasiƙunsa, ya katse. Aikinta kwashewa ne: ta ɗebo saƙo daga uwar garke ta ajiye a kwamfutarka, sannan a goge shi daga can, ko nan take ko bayan wasu kwanaki. IMAP kuwa, wadda Mark Crispin ya fara tsarawa a 1986, tana barin saƙonni da foldodinsu a kan uwar garke, abin da ke cikin kwamfutarka kwafi ne kawai. Gmail ɗinka duk saƙonninsa suna kan uwar garke, shi ya sa suka bayyana da ka shigar da shi. Tsohon adireshinka kuwa alamu sun nuna da POP aka haɗa shi, kuma Outlook 2010 idan ba a sauya masa saiti ba yakan bar kwafi a uwar garke na kwana 14 sannan ya goge. Ka ga ke nan inda makonni biyun nan suka fito.

Wannan ya kawo ni ga wani gargaɗi da nake ganin ya fi komai gaggawa. Duk lokacin da ka kunna tsohuwar kwamfutar tana da intanet ka buɗe Outlook, zai ci gaba da aikinsa na saukowa da gogewa. Idan a sabuwar kwamfutar da IMAP ka haɗa adireshin, to za ka ga saƙonni suna ɓacewa daga gabanka bayan kwana 14, ba tare da ka goge su ba. Saboda haka ko dai ka shiga saitin asusun a Outlook ka cire umarnin gogewar, ko kuma ka riƙa katse intanet kafin ka buɗe shi.

Batun filashin da ya ƙi karɓar fayil ɗin mai sauƙi ne. Filashi da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4 ko da filin da ya rage ya ninka haka sau goma. Wanda aka tsara da exFAT ko NTFS ba shi da wannan matsalar.

Dangane da kwashewar kanta, Thunderbird ba ya karanta fayil ɗin PST kai tsaye. Abin da yake yi shi ne ya roƙi Outlook ɗin da ke kan kwamfutar ya miƙo masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya rubuta su da nasa tsarin. Ke nan dole ne manhajojin biyu su kasance a kan kwamfuta ɗaya, kuma Outlook ya zama shi ne aka zaɓa a matsayin babbar manhajar imel a lokacin. Don haka shawarata ita ce ka juya aikin: ka saka Thunderbird a tsohuwar kwamfutar, ka yi shigarwar a can, sannan ka ɗauko sakamakon zuwa sabuwa. Ka lura cewa zubi na 115, wanda ya fito a 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7, don haka shi za ka nema. Ba sai ka shigar da wani adireshi a cikinsa ba, shigarwa kawai za ka yi.

Idan ya gama, saƙonnin za su zauna a sashen da yake kira Local Folders. A kan faifan kwamfutar kuwa za ka same su a cikin foldar bayanan Thunderbird, wadda hanyarta a Windows ita ce %APPDATA%\Thunderbird\Profiles, sai ka shiga foldar bayananka da ke cikinta, sai Mail, sai Local Folders. A nan za ka ga abubuwa iri uku, kuma yana da kyau ka gane su. Fayilolin da sunansu ba shi da wutsiya, misali Inbox kawai, su ne ainihin saƙonnin. Masu ƙarewa da .msf fihirisa ce kawai, ko sun ɓata Thunderbird zai sake gina su. Foldodin da ke ƙarewa da .sbd kuma su ne ke ɗauke da ƙananan foldodin da ke ƙarƙashin wata. Ka rufe Thunderbird a kwamfutocin biyu, ka kwafe waɗannan zuwa wuri irinsa a sabuwar, ka kula kada wani fayil ya danne mai irin sunansa da ke can.

Injiniya Bashir ya rubuta:

Bayanin Malama Rabi a kan POP da IMAP daidai ne, ba ni da abin ƙarawa a kai. Inda na ɗan saɓa da ita shi ne wurin da ya kamata saƙonnin su ƙare. Idan Malam Habibu ya bi hanyarta, zai fitar da wasiƙun shekaru goma sha wani abu daga fayil ɗaya a faifai ɗaya ya mayar da su wasu fayiloli a wani faifai ɗaya. Ranar da wannan sabuwar kwamfutar ta tsufa, ko aka sace ta, ko ya so ya koma wata manhajar, zai sake samun kansa a inda yake yau. A ganina tunda an riga an ɗaga kaya, gara a sauke su inda ba za a sake ɗaga su ba, wato a kan uwar garke.

Yadda ake yi shi ne, a cikin tsohon Outlook ɗin ka ƙara asusun IMAP, ka buɗe foldodi a cikinsa masu irin sunayen na da, sannan ka kwafi saƙonnin daga foldodin PST zuwa can. Na ce ka kwafa, ban ce ka matsar ba, kuma wannan bambancin babba ne, domin jan saƙo da linzami daga folda zuwa folda sau da yawa matsarwa yake yi, idan layi ya yanke a tsakiya kuma sai mutum ya rasa gane wanne ya tafi wanne ya rage. Da zarar sun hau uwar garke, kowace manhaja da ke jin IMAP za ta gan su, ko Thunderbird, ko Apple Mail, ko Evolution, ko wadda ke cikin wayarka, ba tare da an sauya tsarin fayil ko ɗaya ba.

Ba zan ɓoye wahalhalun hanyar ba. Na farko shi ne fili. Gmail na kyauta gigabait 15 ne, kuma ana raba shi tsakanin imel da Google Drive da hotuna, don haka gigabait 11 zai kusa cinye shi. Na biyu, Google yana iyakance abin da ake lodawa ta IMAP zuwa megabait 500 a rana, wanda ke nufin aikinka zai ɗauki sama da kwana ashirin, kuma idan ka matsa ƙwarai za a iya dakatar da haɗin na ɗan lokaci. Na uku, Gmail ba foldodi yake da su ba a haƙiƙa, lakabi yake liƙa wa saƙonni, sai ya nuna wa manhajar IMAP kowane lakabi kamar folda. Saƙo ɗaya mai lakabi biyu zai bayyana a wuri biyu, ya kuma sake bayyana a foldar da ke tara dukkan saƙonni, abin da ke ruɗar da mutane su zaci an ninka musu wasiƙu. Saboda waɗannan dalilai, na fi son ka tambayi kamfanin da ke riƙe maka shafi nawa ne filin akwatinka, domin idan ya isa, can ne mazaunin saƙonnin na asali.

Akwai kuma hanya ta uku da ya kamata ka sani ko da tsohuwar kwamfutar ta ƙi tashi gobe. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna readpst, daga cikin tarin libpst, tana karanta PST ba tare da Outlook ba, ta mayar da shi mbox, wanda shi ne tsarin da Thunderbird ke ajiya da shi. An fi samunta a Linux, kuma da rubuta umarni ake sarrafa ta. Evolution ma yana iya shigar da PST. Na faɗi wannan ne don ka san cewa muddin kwafin fayil ɗin yana hannunka da lafiyarsa, mutuwar kwamfutar ba mutuwar saƙonnin ba ce.

Malama Rabi ta rubuta:

Injiniya, na yarda da kai cewa faifai ɗaya ba wurin dogaro ba ne, amma ina da ja a kan tsarin aikin. Kwamfutar da sai an kunna ta sau biyu kafin ta tashi ba wadda za a ɗora wa aikin kwana ashirin ba ce. Shigarwa zuwa Thunderbird aikin sa'o'i ne, ba ya bukatar intanet, kuma yana fitar da saƙonnin daga tsarin da kamfani ɗaya ya mallaka zuwa mbox, wanda rubutu ne tsantsa: saƙonni a jere a cikin fayil, kowanne ya fara da layin da ke ɗauke da kalmar From, ta yadda ko da manhajar karanta rubutu kawai mutum zai iya buɗe shi ya ga abin da ke ciki. Bayan an tsallake da su zuwa sabuwar kwamfuta mai lafiya, sai Malam Habibu ya riƙa lodawa zuwa uwar garke daga can, folda bayan folda, a cikin natsuwa.

Akwai wani cikas kuma. Tun shekarar 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun mutane da kalmar sirri ta yau da kullum, sai ta hanyar OAuth2, wato wadda ke buɗe maka shafin Google ka amince da kanka. Thunderbird ya san wannan hanyar, amma Outlook 2010 ya girme ta, sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu an ƙirƙiro masa kalmar sirri ta musamman. Ba abu ne mai wuya ba, amma ƙarin wahala ce a kan kwamfutar da ake shirin yi wa ritaya.

Sannan ina son a riƙa tunawa cewa IMAP ba ajiyar kariya ba ce. Madubi ce. Idan ka goge folda a waya bisa kuskure, za ta goge a uwar garke, ta kuma goge a kwamfuta da zarar sun haɗu. Wasiƙun da suka shafi yarjejeniya da biyan kuɗi suna bukatar kwafin da ba ya bin umarnin kowace na'ura.

Malam Isuhu ya rubuta:

Sallama gare ku duka. Malama da Injiniya sun yi bayani mai gamsarwa a kan saƙonni, ni kuma zan tsaya a kan sauran kayan da Malam Habibu ya tambaya, domin a nan ne na taɓa yin asara, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shekarun baya na bar wata manhajar imel zuwa wata, na fitar da littafin adireshina a matsayin fayil ɗin CSV, na shigar da shi a sabuwar, na ga adadin mutanen ya cika, sai na goge tsohuwar. Bayan kwanaki ina neman lambar wani abokin aiki mai suna da harafin ƙ a ciki, na rubuta sunan bai fito ba. Da na bi jerin da ido sai na tarar duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke, alamar tambaya ce ta maye gurbinsu. Dalili shi ne an rubuta fayil ɗin da tsohon tsarin haruffa wanda bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, maimakon UTF-8, kuma idan harafi ya riga ya zama alamar tambaya babu dabarar da za ta dawo da shi sai gyara da hannu. Sunaye sama da ɗari na bi ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka, Malam Habibu, ko ta shigarwar Thunderbird ka ɗauko adireshin, wadda take iya ɗauko su tare da saƙonni, ko ta vCard, ko ta CSV, abu na farko da za ka duba shi ne sunayen da ke da waɗannan haruffa. Haka ma kanun saƙonnin Hausa, tunda aikinka fassara ne.

Abu na biyu, mutane da yawa suna zaton duk wanda sunansa ke faɗowa idan sun fara rubuta adireshi yana cikin littafin adireshinsu. Ba haka ba ne. Wannan wani jeri ne dabam da Outlook ke tarawa da kansa, kuma ba ya bin mutum zuwa wata manhaja. Sa'arka ita ce Outlook 2010 yana da wata folda mai suna Suggested Contacts inda yake zuba adireshin waɗanda ka taɓa aika wa saƙo amma ba ka ajiye su ba. Ka tabbata ka ɗauko ta.

Kalanda ba ta da wahala. Ka adana ta a tsarin iCalendar, wato fayil mai ƙarewa da .ics, amma ka buɗe zaɓuɓɓukan adanawar ka zaɓi dukkan kalandar da cikakken bayani, in ba haka ba za ka iya samun ɗan yanki kawai. Thunderbird yana da kalanda a cikinsa kuma yana karɓar wannan fayil.

Dokokin raba saƙonni kuwa, ka haƙura da su. Outlook yana fitar da su a fayil ɗin .rwz wanda shi kaɗai ke karantawa, Thunderbird kuma nasa tsarin dabam ne. Ka buɗe kowace doka ka ɗauki hotonta ko ka rubuta ta a takarda, sannan ka sake gina su. Za ka tarar rabinsu ma na mutanen da kuka daɗe da daina hulɗa ne. Haka sa hannun da ke ƙasan wasiƙa, sai ka sake tsara shi. In kuma ka taɓa karɓar saƙonni masu kulle ta S/MIME, ka fitar da takardar shaidarka tare da mabuɗinta na sirri daga tsohuwar Windows ɗin, domin ba a cikin PST take ba, kuma ba tare da ita ba waɗannan saƙonnin za su iso sabuwar kwamfuta amma ba za su buɗu ba har abada.

Malam Habibu ya rubuta:

Na gode muku ƙwarai da gaske, Allah ya ƙara ilimi. Na bi tsarin Malama Rabi. Na yi kwafi biyu na PST ɗin Outlook yana rufe, na cire umarnin gogewa bayan kwana 14, na saka Thunderbird 115 a tsohuwar kwamfutar, kuma shigarwar ta ɗauki kusan dare guda. Yanzu foldodina suna sabuwar kwamfutar da tsarinsu yadda na san shi. Na duba sunaye masu ƙ da ɗ kamar yadda Malam Isuhu ya ce, sun fito lafiya.

Sai dai abu biyu sun tsaya mini a rai. Na ɗauki takarda na rubuta adadin saƙonnin kowace folda a manhajojin biyu, mafi yawansu sun yi daidai, amma babban akwatin shigowa ya gaza da 212, wata folda ta wani mai ba ni aiki kuma ta gaza da 3. Na biyu, na gwada shawarar Injiniya da wata ƙaramar folda, na loda ta zuwa uwar garken kamfanin da ke riƙe mini shafi. A Thunderbird kwanakin saƙonnin daidai suke, amma da na duba a waya sai na ga wasu daga cikinsu suna ɗauke da kwanan watan jiya, alhali na 2014 ne. Shin wani abu ya lalace ne?

Injiniya Bashir ya rubuta:

Babu abin da ya lalace game da kwanakin, Malam. Kowane saƙo a kan uwar garken IMAP yana da kwanan wata iri biyu. Akwai wanda ke rubuce a kan saƙon kansa tun ranar da aka aiko shi, wannan ba ya sauyawa duk inda aka kai shi. Akwai kuma wanda uwar garke ke rubutawa na ranar da saƙon ya shigo mata. Manhajar da ke lodawa tana iya gaya wa uwar garke ta yi amfani da tsohon kwanan, amma idan ba ta faɗa ba, ko kanun saƙon yana da wata tawaya da ta hana a karanta kwanansa, sai uwar garke ta sa ranar lodawa. Thunderbird yana jera saƙonni ne da na farkon, wasu manhajojin waya kuma da na biyun. Ka buɗe ɗaya daga cikin saƙonnin a wayar ka duba cikakken bayaninsa, za ka ga 2014 tana nan. In abin ya dame ka, duba ko manhajar wayar tana da zaɓin jerawa da ranar aikowa.

Na kuma karɓi gyaran Malama Rabi game da fara tsallakar da kayan kafin lodawa. Ban yi la'akari da halin da tsohuwar kwamfutar take ciki yadda ya kamata ba.

Malama Rabi ta rubuta:

Madalla da ka ƙirga, Malam Habibu, domin mutane ƙalilan ne ke yin haka, kuma ita ce kaɗai hanyar sanin gaskiyar abin da ya ƙaura. Game da 212 ɗin nan, ka sani cewa ba duk abin da ke zaune a akwatin Outlook ne saƙon imel na yau da kullum ba. Akwai gayyatar taro da amsoshinta, akwai rahoton cewa saƙo ya isa ko an karanta shi ko ya kasa isa, kuma Outlook yana ajiye waɗannan a matsayin abubuwa masu nau'i dabam, waɗanda ba lallai su tsallaka yadda suke ba. Ka koma tsohon akwatin ka jera shi bisa nau'i ko bisa ƴar alamar da ke gefen kowane saƙo, za su taru wuri ɗaya, sai ka ƙirga su ka gani ko sun kai adadin da ya ɓace.

Ukun da suka rage a foldar mai ba ka aiki su ne suka fi bukatar kulawa. Ka jera foldar bisa kwanan wata a ɓangarorin biyu, ka bi ta shekara-shekara har ka gano inda adadin ya saɓa. Sau da yawa za ka tarar saƙonni ne masu manyan maƙale-maƙale, ko waɗanda suka ɗan lalace a cikin PST tun da daɗewa ba ka sani ba. Idan sun buɗu a Outlook, ka adana abin da aka maƙala musu dabam, ka kuma tura su zuwa adireshinka. Idan sun ƙi buɗuwa, akwai manhajar gyara mai suna scanpst.exe da ke zuwa tare da Outlook, amma a kan kwafi na uku za ka gwada ta, ba a kan biyun da ka ajiye ba, domin gyaranta wani lokaci yana nufin yanke ɓangaren da ta kasa karantawa.

Tunda yanzu mbox ne ma'ajiyarka, akwai halayensa biyu da ya kamata ka saba da su. Saƙon da ka goge ba ya fita daga fayil ɗin nan take, alama kawai ake sa masa, sai ranar da aka matse foldar yake fita da gaske, shi ya sa Thunderbird zai riƙa tambayarka izinin matsewa, kuma ba abin tsoro ba ne muddin kana da kwafin ajiya. Sannan da yake folda guda fayil guda ce, manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta tana iya ganin maƙale ɗaya mai cuta ta killace fayil ɗin gaba ɗaya, mutum ya wayi gari ya ga akwatinsa wayam. A saitin tsaro na Thunderbird akwai zaɓin da ke ba irin waɗannan manhajoji damar killace saƙo ɗaya tilo yayin shigowarsa, ka kunna shi. Kuma ina ba ka shawarar ka rarraba babban akwatin nan zuwa foldodi na shekara-shekara, domin fayil mai gigabait da yawa yana da nauyin matsewa da nauyin kwafa.

Malam Habibu ya rubuta:

Na jera akwatin bisa nau'i kamar yadda kika ce, Malama. Gayyatar taro da rahotannin isar saƙo sun kai 209, sauran ukun kuma daftari ne marasa kanu da na ajiye a akwatin bisa kuskure tun 2012, babu komai a cikinsu. Ukun da ke foldar mai ba ni aiki kuwa na gano su duka a watan Maris na 2016, kowanne yana ɗauke da hoton takardar yarjejeniya mai nauyi. Biyu sun buɗu na adana su. Na ukun ya ƙi, don haka yau da dare zan yi kwafi na uku in gwada scanpst.exe a kansa, in kuma bai yiwu ba zan rubuta wa mutumin in roƙe shi ya sake turo mini nasa kwafin.